Rakiyar Gwaggo har Waca

Kawuna, ƙanen Inna, mutum ne da in ya ga ƙaya a hanya yake sauka ya saɓa kekensa a kafaɗa. Keken ya yi shekaru a hannunsa, amma takardar da aka naɗe ƙarfen da ita tun daga kanti tana nan, duk inda ta fara yagewa ya bi ta da zare ya ɗaure. Da wannan mutumin Baba ya haɗa ni zagayen dangi, a kakar da aka samu ruwa bayan shekarun yunwa, lokacin da abu guda ne a kaina: in isa Damagaram kafin ranar buɗe lakwal, wato makaranta.

Na gama kwalej a Magarya, na ci jarrabawa, an ba ni gurbi a makarantar koyon malanta. Dokarsu ba ta da kwana-kwana. Wadda ba ta zo ranar shiga ba, gurbinta na wata ne, ga masu jira nan birjik. Baba bai hana ni ba. Shi dai ya gaji da surutun dangi, waɗanda tun ina ƙaramar lakwal suke aiko masa da magana a kan karatuna ta bakin ƴan kasuwa. Ya ce ba zai yarda gobe wani ya ce an kai ƴa birni ba da saninsa ba. In je da ƙafata in yi wa kowa sallama, daga ƙauyukan Kwaya har ƙasar Guci, in ƙare da Gwaggo, yayarsa, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har na isa shiga lakwal. Tana zaune a wani ɗan ƙauye kafin a kai Waca. Ranar kasuwar Waca kamiyo, babbar motar kaya, ke tashi zuwa Damagaram, kuma na kasuwa mai zuwa shi ne na ƙarshe kafin a buɗe. Akwatina ya riga ya yi gaba a hannun wani maƙwabcinmu mai fatauci.

Baba ya ce, "In Gwaggonki ta ce ki tafi, ki hau mota. In ta ce a'a, kawunki ya dawo mini da ke."

Na ce, "To Baba, me zai hana a fara da ita a huta?"

Ya ce hanya ba ta ba da haka ba, kuma in rage baki.

Ni na kawo shawarar keke. Jaki zai cinye mana kwanakin, mota kuwa ba ta bin waɗannan hanyoyi. Yayana ya tafi neman kuɗi ya bar nasa a jingine a zaure, kuma kowa a gidan ya san ina hawa, ko da yake kowa na yi kamar bai sani ba. Inna ta yi salati, ta yi faɗa, daga baya ta fito mini da wandon yayan nawa ta ce in sa a ƙarƙashin zane. A kwalej mun zana taswirar ƙasarmu har na haddace ta, na auna tafiyar da yatsa, na ga har za mu samu rarar kwana a gidan Gwaggo. Ba a zana rairayi a taswira. Ba a zana Kawu ba.

Ba zan yi ƙarya ba, safiyar farko ta yi daɗi. Ruwan ƙarshe ya danne hanya ta yi tauri, taya na tafiya sul. Gawo ya fara fitar da sabon ganye yayin da komai ke shirin bushewa, dammunan hatsi tsaye a gonaki, gyaɗa an tuge an kife ta tana shan rana. Iska ta shiga ɗankwalina. Na ce a raina, in haka ne, a ƙaro dangi.

Sai na ji ƙararrawar Kawu a bayana.

"Sauka, ƴar lakwal. Ga mutane."

Dattawa ne zaune a gindin wata tsamiya. Ba a wuce dattawa a kan keke, in ji Kawu. Ba a wuce rijiya a kan keke in da masu ɗiba. Ba a wuce maƙabarta. Ba a wuce masallaci, ko da na kara ne da akuya ke kwance a ciki. In kuwa ya hango mutum can tsakiyar gona yana ɗaurin damma, sai ya dafa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ɗaga murya, daga ina kwana har ya gangara kan iyali, da dabbobi, da yadda aka ga damina. Mutumin ma ya ajiye aikinsa ya tako.

Na ce, "Kawu, ka san shi?"

"Yanzu dai na san shi."

Duk wannan ba komai ba ne a kan rakiya. Wanda bai yi baƙunta da keke a ƙauyukanmu ba ba zai gane ba. In baƙo ya tashi tafiya, mai gida ke ɗaukar masa kaya ya taka masa. To tunda kayanmu keke ne, sai mai gida ya kama ƙahon keken ya tura, mu muna biye da hannu banza. Ba ka da ikon hawa sai ya tsaya da kansa ya miƙo maka. Ba ka cewa ya isa, sai dai ka ce, "A koma haka nan, an gode," shi kuma ya ce, "Ai ba komai, bari mu kai waccan kukar." In an kai kukar sai ya tuna bai ba ka labarin rikicin iyakar gonarsa ba. Yadda mutum ke ganin girmanka, haka rakiyarsa ke tsawo. Kawu kam daɗi yake ji, don duk tazarar da aka tura, tayarsa ta huta da nauyinsa. Abu guda ke damunsa, kada a goga masa keke a jikin darni. Sai ka ga yana tafe yana kallon hannun mai gida kamar an ɗauki jaririnsa.

Sannan ga tsaraba. A gidan farko na ƙasar Kwaya, matar wani ƙanen kakana ta kamo kaza ta ɗaure mata ƙafa. Na ce mata ta bar shi, makaranta zan tafi, ba a kiwo a can. Ta tsaya da kazar a hannu tana kallona.

Ta ce, "Bara da bara waccan da kin zo, da me zan ba ki? Ganye muke ci. Bana akwai, ki ce in mayar?"

Na karɓi kaza. Daga ranar ban ƙara buɗe baki a kan kyauta ba, sai dai in haɗiye. Kowane gida so yake a gani cewa bana akwai. Gyaɗa a ƙullin tsumma, wake, daddawa, kabewa mai girman tulu, ƙwan zabi a cikin ƙwarya an zuba ƙaiƙayi. Dangin Inna masu shanu suka ba ni man shanu a ɗan gora, wanda rana na yi ya narke ya dinga bin ƙafata. Ina za a ɗora duk wannan? A keken Kawu? Ya dafe takardarsa ya ce igiya na cin fenti. Komai a nawa. Kaji a rataye a ƙaho, dama da hagu, in na taka feda su ɗago kai su dube ni, in na shiga rami su yi kururuwa. Kawu a gaba tsaf da farar rigarsa, ni a baya kamar mai tashin gida.

Da muka juya gabas muka nufi Dungas, hanya ta koma rairayi. Keke mai nauyi in ya shiga rairayi ba ya gardama, tsayawa yake kawai ya kwanta. Na tura har tafin hannuna ya yi kanta. Ƙarangiya ta cika bakin zanena, ƙayar aduwa ta huda mini taya. Kawu gwani ne wajen liƙi, ban hana masa ba, amma ba ya neman huji sai a cikin ruwa, ruwa kuwa sai a kwano, kwano sai a gidan mutane. Gidan mutane kuwa sai gaisuwa, sai a shimfiɗa tabarma, sai a ce ai an riga an ɗora tukunya. Hujin da bai kai ƙwayar gero ba ya ci mana yini, muka fito da ƙarin zabuwa. Ba ma danginmu ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jakuna. Jakin da na raina. Masu zuwa kasuwanni a kan jaki su wuce mu muna zaune a tabarmar wani, su isa ƙauyen gaba su ba da labari: ga ƴar wane nan tafe a kan keke, da wando. Kafin mu isa an yi yanka. Wa zai tashi ya bar naman da aka yanka dominsa? Mata su cika gida, wai sun zo ganin mai keke. Wata tsohuwa ta ɗaga bakin zanena da sandarta don ta tabbatar da wandon.

Wani kakana na wajen uba, makaho ne amma bakinsa garau, ya ce, "Ke ce za ki zama malama? Har ki doki ƴaƴan mutane?"

Na ce, "In sun yi jinkiri irin na Kawu, har iyayensu."

Ya yi dariya har da tari, ya sa mini albarka, sannan ya ce a kama masa hannu zai yi rakiya. Makaho ya tura keke, ana jansa, yana jan mu. Kawu ya kusa suma, don nasa keken tsohon ya laluba ya kama.

Wuri guda na samu na hau yadda nake so, tsakanin Dungas da Guci. Hanyar ta gangara wani kwari mai goruba da giginya, ƙasa baƙa mai sanyi, ba ƙauye, ba rijiya, ba dattijo ko ɗaya. Shanu na kiwo can nesa, balbelu na binsu. Na wuce Kawu na taka da ƙarfi, kajin suka baje fuka-fuki kamar su ma sun gaji da tafiyar hawainiya. Inuwa da rana na bi ta kaina bi da bi, ba na jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya. Na manta da mota, na manta da gurbi. Da na fita kwarin na tsaya a gindin wata kanya ina haki, ina jiran Kawu. Na jira har gumina ya bushe. Da ya iso, keken na kafaɗarsa. Wai akwai laka.

Lissafina shi ne mu kwana gidan Gwaggo daren kasuwa, in samu lokacin lallashinta. Amma wani ɗan'uwan Baba a ƙasar Guci ya rantse ba za mu wuce ba mu kwana ba, kuma ya kulle kekunan a ɗakin ajiyarsa don kada rantsuwar ta faɗi. Da safe ya yi mana rakiya har na fara tunanin zai bi mu Damagaram. Hantsi ya yi sosai muka shiga ƙauyen Gwaggo, ranar kasuwar Waca, kuma kowa ya ce kamiyo bayan azahar yake tashi.

Gwaggo ƴar ƙaramar mace ce, busasshiya, haƙoranta ja da fure, muryarta ta fi jikinta. Ba ta da ɗa a raye. Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Sai yau? Tun shekaranjiya nake dama fura ina ba kaji. Kai mai keke, ɗaukar ka yake ko kai ke ɗaukar sa?"

Kawu ya durƙusa yana jero gaisuwa, ta katse shi a tsakiya. A karo na farko tun fitowarmu na ji wani ya faɗi abin da ke bakina. Na ce a raina, ashe nan na gado. Wannan ba za ta ɓata mini lokaci ba.

Ta dube ni daga ɗankwali har wando. Ta ce na rame. Ta kawo fura, na sha a tsaye.

Na ce, "Gwaggo, Baba ya ce sai kin ce in tafi. Motar yau ce ta ƙarshe."

"Zauna ki sha kamar mutum."

Na zauna. Na shanye. Na sake faɗa mata. Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito yafe da mayafi, riƙe da wani ƙulli, ta cusa shi a cikin kayan da ke bayan kekena.

"Ku tashi in taka muku."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta kama ƙahon kekena, ta ture kan wata kaza da ke leƙenta, ta yi gaba. Kawu ya matso ya rage murya ya ce, "Kada ki matsa mata. In ta sakar miki keken, ta yarda ke nan. Ni ne shaida."

Mace in ta yi rakiya, bakin ƙofa ne, in ta kai ƙarshe bakin gari. Gwaggo ta wuce rumbuna. Ta wuce rijiya. Ta wuce gonar ƙarshe, inda karan dawa ke ƙarewa daji ya fara. Akwai wata kuka a nan wadda duk mai rakiya a ƙauyen yake juyawa a gindinta, na san ta tun ina yarinya. Na fara shirin karɓa, har na gyara zane. Ta wuce kukar ko kallonta ba ta yi ba.

Tana tafe tana magana, kuma ba a kan makaranta ba. Wai ƙyandar da na yi ina ƙarama, yadda ta kwana tana shafa mini magani. Wai wata tinkiya da na sa wa suna. Wai maƙwabciyarta ta ari turmi ta dawo da shi a fashe. Takunta ƙanana, keken na da nauyi, tana nishi, amma da na kai hannu in taimaka sai ta buge shi. Masu jakuna na wuce mu da buhunan gyaɗa, suna gaishe ta, suna waiwayen mu. Inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Na dubi Kawu, yana tura nasa keken cikin natsuwa, fuskarsa kamar ta wanda ke hutu.

Na ce, "Gwaggo, a koma haka nan, an gode."

"Ai ba komai."

Muka ƙara tafiya. Na ce, "Gwaggo, rana ta take."

"Ina da ido."

Keken ga shi, hannunta bai kai kaurin sandar rake ba, fizga ɗaya zan yi. Amma in na fizga, Kawu zai faɗa wa Baba gaskiya, don bai iya ƙarya ba, kuma ko na kai Damagaram a biyo ni. Na sha gabanta na tsaya.

Na ce, "Gwaggo, in motar nan ta tashi ba ni, an ba wata gurbina. Shekarun da na yi ina karatu sun tafi a banza. Ki ce e ko ki ce a'a, in san inda nake."

Ta tsaya, amma ba ta saki ba. Ta ce, "Ranar da ubanki ya zo ya ɗauke ki zuwa lakwal, na raka ku har waccan kukar. Ya ce mini kowane hutu kina nan. Na sake ki a nan. Hutu nawa kika zo?"

Ko sau ɗaya ban zo ba, ta kuma sani.

Ta ce, "To yau ban gaji ba tukuna." Ta zagaye ni ta ci gaba da turawa.

Ban san daga inda maganar ta fito ba, haushi ne kawai. Na ce, "In ba za ki saki ba, to ki hau. Ki riƙe shi a zaune. Ki raka ni har Waca in kina so, amma a guje."

Kawu ya ce, "Subhanallahi! Ke ƴar nan, kina da hankali? Tsohuwa a kan keke? Ta faɗi ta karye, in ce wa ubanki me?"

Da ya yi shiru da ƙila ba ta hau ba. Gwaggo ta juyo ta dube shi.

"Wace ce tsohuwar? Kai da keke ke hawa? Kwance kayan nan."

"A kai su ina, Yaya?"

"Ga naka nan ba komai a kansa."

Ya roƙe ta. Ya kawo zancen fenti, ya kawo zancen takarda. Ta tsaya a kansa, hannunta ɗaya na kan ƙahon kekena, har sai da ya ɗaure kabewa a bayan kekensa da igiyar kaba, ya rataya kaji da zabuwa a ƙaho, goran man shanu na ɗiga a kan takardar kanti. Duk wahalar da na sha a tafiyar nan, wannan kallon ya biya ni rabi.

Gwaggo ta zauna a ƙarfen baya a karkace, ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin sirdi ta damƙe, ɗayan ta kama ƙugun zanena. Ba ta kai nauyin kabewar ba. Na taka.

Salati ta fara yi, sannan ta koma zagi. Ta zagi keken, ta zagi wanda ya ƙera shi, ta zagi Baba da ya bar ni na koya. Da muka fara cim ma masu jakuna muna wuce su, sai zagin ya ragu. Na ji tana cewa, "Taka mana, ga na wane can, wuce shi." Muka iso wasu dattawa a gindin itace, na fara jan birki bisa koyarwar Kawu, ta dunƙule hannu ta doke ni a baya.

"Wa ya ce ki tsaya? Sannunku da hutawa! Ina gajiya! Mu je."

Kafin su amsa mun yi nisa. A wani gangare taya ta nutse a rairayi muka zube mu duka biyu. Na tashi a tsorace ina duba ta. Tana kwance, mayafi a fuska, ƙafa ɗaya a sama, hannunta na nan a ƙarƙashin sirdi.

"Me kike kallo? Ɗaga ni. Ba a kai ba."

Ana kiran azahar muka shiga Waca. Na ratsa kasuwa ina ƙararrawa, ina haki, zane ya jiƙe, mutane na darewa suna nuna mu. Na hango kamiyo a bakin kasuwa, na ji kamar in yi kuka don daɗi. Da muka matso sai na ga bakinsa a buɗe, direba na zaune a inuwa yana cin rake, ba a ko fara lodi ba. Na tambayi mai karɓar kaya yaushe za a tashi. Ya ce yanzu.

Wannan yanzun ya kai har bayan la'asar.

Na zauna a kan wani buhu. Gwaggo ta ƙi zama. Ta tsaya a gefen motar riƙe da ƙahon keke, duk wanda ya zo wucewa ta ba shi labarin yadda ta zo daga ƙauye kafin a gama tauna goro. Har yanzu ba ta ce in tafi ba. Aka loda gyaɗa, aka loda rake, aka loda awaki, mata suka fara hawa suna kama wuri. Ni ina ƙasa. Wuri mai kyau kusa da kan mota ya tafi ina kallo.

Sai ga Kawu. Ya turo tun daga inda muka bar shi, don ya ce ba zai haɗa wa taya nauyinsa da na kabewa ba. Farar rigar ta koma kalar hanya, takardar keken ta yage tana lilo, kaji sun yi abin da kaji ke yi a kanta. Ya kwance kayan ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa mai lodi. Na ce a bar su, a ba Gwaggo, ni da na ɗauka na rabu da su. Ya ce shi amana aka ba shi, kuma kowane gida zai tambaye shi. Har ƙwan zabin sai da ya hau.

Direba ya wurgar da ɓawon rake, ya rufe bakin mota, aka tura ta ta kama. Hayaƙi ya tashi. Mai lodi ya buga jikin motar yana cewa wanda zai hau ya hau. Na tsaya a gaban Gwaggo. Ban ƙara roƙo ba, bakina ya gaji.

Ta dubi motar, ta dubi ƙafafuna da suka yi butu-butu. Sai ta juya wajen Kawu.

"Mai keke, karɓi ƙarfenku."

Ta tura masa keken, ta buɗe hannunta, yatsun sun sanƙare ta kasa miƙe su. Ta tofa addu'a a tafin ta shafa mini a goshi da ƙarfi kamar mai goge tukunya.

"Me kike tsaye kina kallona? Hau mana, ko sai sun tafi ki ce ni ce?"

Na taka tayar motar, wata mata ta ja ni sama. Wurin da ya rage shi ne can baya, tsakanin akuya da kabewata. Motar ta fara tafiya. Na hango Kawu tsaye da keke biyu, ɗaya a kowane hannu, bai san yadda zai yi da su ba, Gwaggo kuma tana nuna masa ƙarfen baya tana magana. Daga baya na ji cewa ta nemi ya mayar da ita gida a kai, ya ƙi, ta kira shi matsoraci a gaban kasuwa.

Na isa a kan lokaci. Na shiga ƙofar makaranta ana gobe buɗewa, ina warin man shanu, rabin ƙwan ya fashe a cinyata, kaji a hannu biyu. Matar da ke kula da ɗakin kwanan ƴanmata ta dube ni ta ce nan ba kasuwa ba ce. Na ce mata na sani, daga kasuwar nake. Ƙullin Gwaggo sai a ɗaki na kwance shi: ƙuli-ƙuli ne, da ɗan ƙaramin ludayin da nake shan fura da shi ina yarinya.

Kawu ya sake naɗe kekensa da takardar buhun siminti, kuma har ya tsufa in ya gan ni sai ya kawo zancen. Gwaggo kuwa, hutun farko na je, na biyu ma na je. Ko ruwa ba ta bari in sha take leƙa bayana ta ce, "Ina keken?"